Yana Numfashi Ta Nan

Shekarar babbar ambaliyar nan ce, wadda ta zo bayan an gama zaman korona, lokacin da Binuwai ya cika har mutanen bakin kogi suka riƙa shigowa Lafia da katifunsu ɗaure a bayan babura. A farkon daminar na sayi mota tawa ta kaina, bayan na yi shekara ashirin da ɗoriya ina tuƙa ta wasu. Tsohuwa ce, mai bodin katako, ƙofar hagu sai an ɗaure ta da igiya. Amma injinta na da lafiya, kuma ban da ita ba ni da wani abu da zan kira nawa.

Wanda ya sayar mini wani tsoho ne ɗan Tibi, manomi kuma direba, da ke zaune can wajen Adogi. Ciwon ƙirji ne ya sa ya rabu da ita. Ranar da na je ɗauka, bayan ya ba ni makulli, sai ya kama hannun rigata ya ja ni bayan motar.

"Zo, direba. Durƙusa."

Na durƙusa. A tsakiyar aksil ɗin baya akwai wata tukunyar ƙarfe mai tumbi, inda haƙoran da ke juya tayoyi suke kwance cikin man giya. Daga saman tukunyar nan na ga wani siririn baƙin tiyo ya fito, ya hau sama, an ɗaure shi a ƙarƙashin katakon bodi. Bakinsa an rufe shi da 'yar baƙar fata mai kusurwa huɗu, kamar kwalin ashana, an ɗinke ta da jan zare.

"Wannan, kar ka taɓa shi," in ji tsohon. "Yana numfashi ta nan. In ka zo bakin ruwa, kar ka shiga da zafi. Tsaya. Sa hannu. In ya yarda, ka wuce."

"Wa zai yarda, Baba?"

Ya buɗe baki zai amsa, tari ya sarƙe shi. Ya daɗe yana yi, dafe da taya, har matarsa ta fito ta kama shi ta shigar da shi ɗaki. Daga ƙofa ya ɗago mini hannu. Ni kuma murna ta hana ni jira.

Yayana tela ne, mutum ne mai tsoron Allah da tsoron abin da bai gane ba. Da na kawo motar gida na ba shi labari, sai ya shiga ƙarƙashinta da kansa, ya fito fuskarsa a ɗaure.

"Sake faɗa mini abin da ya ce."

Na maimaita.

"Yana numfashi," in ji shi. "Mota mace ce. Da ita yake nufi, ai tana numfashi zai ce. To wane ne wannan da ke numfashi?"

Na yi dariya na ce, "Haba Yaya, a garin nan fa muke. Rabin mutanen kasuwa ko uwarsu ce ta shigo, ya zo suke cewa."

"Na ji. Jan zaren fa? Fatar fa? Ka taɓa ganin an ɗinka wa mota laya a kamfani?"

Washegari a tasha direbobi suka ƙara mini. Kowa ya san motar, kowa ya san tsohon. Suka ce duk rafin da ya zo, sai ya kashe inji ya sauka, ya durƙusa, ya miƙa hannu ƙarƙashin motar yana motsa baki. Wani lokaci har rabin awa, fasinja na zaginsa, ko a jikinsa. Neman izini suke kiran abin. Wani ya ce shi ya sa ba ta taɓa mutuwa masa a ruwa ba.

Na yi kwana huɗu ina tuƙi ina jin kamar akwai wani zaune a ƙarƙashina. Ranar Juma'a, da muka sauko daga masallaci, Yaya ya miƙo mini babban almakashinsa. Na kwanta a ƙasa, na yi bisimilla, na yanke tiyon daga gindi. Da ya rabu sai na ji wani ɗan huci, fss, iska mai ɗumi ta taɓa mini bayan hannu. Yaya ya ce kada a buɗe fatar. Muka jefa ta a wutar shara. Ta yi warin roba da warin gashi.

Aikina a lokacin ɗauko gishiri ne daga wajen Keana, wanda mata suka dafa tun rani suka ajiye. Ruwan shekarar ya cinye wani kwalbati a hanyar da muka saba bi, sai aka koma ratsewa ta daji, a gangara wani rafi a haye. Wuri ne mai inuwa, itatuwa sun haɗe ta sama, ko da tsakar rana duhu-duhu yake. Ruwan ya kai cinyar mutum, kuma ba ya yin ƙara. Gudu yake, amma shiru, kamar ana jan zane a kan tabarma.

Ranar farko bayan yanke tiyon na iso da lodi bayan tafiyar awa biyu cikin rana. Na tuna maganar tsohon, kar ka shiga da zafi. Na ɗauka gaggawa yake nufi, shigar marar ladabi, irin ta wanda bai yi sallama ba. Na ce a raina ni ba na neman izinin kowa sai na Ubangijina. Na sa giya ɗaya na faɗa.

A tsakiyar ruwa na ji shi. Duk da ƙarar inji na ji shi, domin ta cikin kujera ya zo mini, ba ta kunne ba. Kamar mutum ya kafa baki a kwano ya kurɓi kunu, dogon kurɓa, sau ɗaya. Na waiga ta 'yar tagar baya. Buhuna ne kawai.

Bayan mako guda motar ta fara waƙa. Ba ƙara ba ce irin ta ƙarfe. In na ɗaga ƙafa daga totur a gangara, sai wani amo ya taso daga baya, ƙasa-ƙasa, kamar namiji yana rera wani abu bakinsa a rufe. In na taka sai ya yi shiru, in na ɗaga ya ci gaba daga inda ya tsaya. Mai gishirin da nake yi wa dako, wata dattijuwa 'yar Alago da ba ta iya rufe baki na minti biyu, ita ce ke zama a gefena. Ranar da ta fara jin amon ta katse labarinta a tsakiya.

"Direba, ka ɗauki mutum a baya?"

"Ba kowa, Mama."

Ba ta ƙara magana ba har muka kai garin Obi.

Na kai wa makanikena, wani ɗan Eggon mai barkwanci da muka daɗe tare. Ya shiga ƙarƙashi da sifana da tsohon kwano, ya kwance notin da ke gindin tukunyar. Man giya mai lafiya ruwan zuma ne, in ya tsufa ya yi baƙi. Wanda ya zubo fari ne, mai kauri, kamar kindirmo.

"Oga!" Ya leƙo yana dariya. "Ka fara kiwon shanu a aksil ba ka gaya mana ba? A kawo fura!"

Ya ce ruwa ne ya shiga ya cakuɗe da mai. Ba wani abu ba ne, robar bakin taya ce ta gaji, wadda suke kira sil. Ya canza duka biyun, ya wanke tukunyar da kananzir har sau biyu, ya zuba sabon mai. Kafin ya zubar da kwanon na sa yatsa na taɓa. Sanyi ƙalau. Ban san me ya sa na kai harshe ba. Ƙarƙashin ɗacin man akwai gishiri-gishiri, kamar hawaye.

Waƙar ta yi shiru kwana uku. Na haye rafin sau biyu, ta dawo.

Karo na biyu makaniken ya yi dariya kaɗan. Ya ce sil ɗin yanzu duk na jabu ne, ya sake saka wasu. Karo na uku motar ta kwana biyu a gareji kafin ya samu sukunin taɓa ta. Da ya kwance notin, ba fari ne ya fara fitowa ba. Ruwa ne garau, kusan kofi biyu, irin wanda za ka iya ganin fuskarka a ciki. Bayansa farin ya biyo, da jan tsatsa a cikinsa kamar jini a nono. A jikin notin akwai garin ƙarfe yana ƙyalli.

Ya daɗe a kwance bai fito ba. Da ya fito bai kalle ni ba.

"Sil lafiya lau. Tukunya ba ta tsage ba, na shafa ko'ina. Oga, ta ina yake shiga?"

Na san abin da ya kamata in gaya masa. Amma yaya zan ce wa Kirista ɗan'uwan tsohon a addini, mun ƙone layar mutuminku? Kuma saman tukunyar duk taɓo ya bushe a kai, ba a ganin gindin da na yanke. Na ce ban sani ba. Masu aiki a garejin, waɗanda kullum sukan zauna a inuwar motata su ci rogo, ranar sai suka koma can ƙarƙashin mangwaro.

Yaya ya ce abin da muka kora ne yake fushi, a ƙara haƙuri da addu'a, zai gaji ya tafi. Na yi addu'ar. Amma ni ne ke zaune a kan abin, ni ne nake jin kurɓar nan a tsakiyar rafi duk hayewa, ba ta taɓa fashi ba. Wata safiya, ban gaya wa kowa ba, na hau babur na nufi Adogi. Na yi niyyar in durƙusa wa tsohon in ce na yi laifi, ko mene ne a ciki ya gaya mini abin da yake so.

Matarsa na samu a tsakar gida tana shanya gyaɗa, da baƙaƙen kaya a jikinta. Tun kafin ta yi magana na gane. Na yi mata ta'aziyya, ta kawo mini kujera da ruwa. Na daɗe ina juya kofin kafin na iya faɗa.

"Mama, abin nan da Baba ya ɗaura a ƙarƙashin mota. Mai jan zare."

"Hancin mota?"

"Me kika ce?"

"Hancinsa. Ni na ɗinka." Ta nuna ƙirjinta. "Tiyon na risho ne, na gas. Fata kuma tsohon jakana ne na zuwa coci. Ya ce in sa auduga a ciki saboda ƙura. Jan zare kawai nake da shi ranar."

"Auduga ce a ciki?"

"To me? Ka ɗauka me ne?"

Ta dube ni, ta dubi hulata, ta gane. Na jira ta yi fushi ko ta yi dariya. Ba ta yi ko ɗaya ba.

Na ce, "Amma yana durƙusawa a bakin ruwa. Yana magana."

"Yana taɓa tukunya ne ya ji ko ya huce. In hannu ya iya zama a kai, ya yarda ke nan. Magana kuma, wane magana? Mutum mai ciwon ƙirji in ya durƙusa, ba dole bakinsa ya yi motsi ba? Iska yake nema."

Kunya ta rufe ni, amma tare da ita wani sauƙi ya sauko mini, kamar an sauke mini buhu. Roba ce da auduga. Na kusa yin dariya. Sai na tambaye ta, don in ce wani abu, yaushe ya rasu.

"Bai kai sati ba bayan ka tafi da mota. Ran Juma'a. Yana zaune nan inda kake, yana jin daɗinsa, har ya ci doya. Ku kuna saukowa daga masallaci, muna jin babura suna wucewa. Sai ya kama wuya, ya ce iska ya tsaya." Ta kwashi gyaɗa ta watsa. "A asibiti suka ce ruwa ne ya cika masa ƙirji. Sun zuƙo da allura, ya sake taruwa. Sau uku. Ranar Lahadi ya tafi."

Na ajiye kofin a ƙasa. Ban sha ba.

Ban gaya mata ranar da na yanke tiyon ba, ita ma ba ta tambaya ba. Ta shiga ɗaki ta fito da ragowar tiyon a naɗe da sauran fatar jakar. A gabana ta zauna ta ɗinka wani. Zaren jan ne dai, shi ke cikin allurar tun wancan karon.

Da na kai wa makaniken na faɗa masa gaskiya, ya ɗora hannu biyu a ka. Ya kankare taɓon da sukuddireba, ga ramin nan a buɗe, ɗan yatsa zai shiga.

"Oga, kai da yayanka kun kashe ni! Wata biyu ina zagin masu sayar da sil!" Ya ce tukunya in ta yi tafiya tana zafi, iskar cikinta tana kumbura, dole ta sami mafita. In ka tsoma ta a ruwan sanyi da zafinta, sai ta ja numfashi ciki da ƙarfi. In hancinta na sama, iska za ta ja. In yana ƙarƙashin ruwa, ruwa za ta sha. "Tsohon nan ya fi mu boko."

Ya ɗaura sabon tiyon, ya zuba mai na huɗu. Amma ya ce haƙoran sun riga sun ciwu, ruwan wajen nan mai gishiri ne, ba ya wasa da ƙarfe. A sauke tukunyar gaba ɗaya a nemo wata. Na ce to, bari in yi sawu ɗaya. Na yi wa Mama mai gishiri alkawarin kai mata kaya kafin ranar kasuwa, buhu arba'in, duk abin da ita da 'ya'yanta mata suka dafa a ranin nan. Ya ce, "Sawu ɗayan nan fa?" Na ce ɗaya tak.

Mun iso rafin rana na tsaka. Sama garau take a kanmu, sai can gabas da ta yi baƙi. Na kashe inji na sauka. Na durƙusa, na miƙa hannu na taɓa tukunyar, ta ƙone ni. Na zauna a ƙasa ina jira.

Mama ta leƙo ta taga. "Lallai! Kai ma ka shiga addinin tsohon? Ka gaishe min da su, ka ce mai gishiri na sauri."

"Jira nake ta huce, Mama."

"Ta huce ko ya huce?"

Wurin ya yi tsit, ko tsuntsu babu. Na sake sa hannu, na sake. Wajen karo na biyar hannuna ya zauna. Ƙarfen da ɗumi kamar goshin mutum. Ina durƙushe a nan na lura bakina a buɗe yake, ina jan iska da ƙyar, leɓena na motsi. Na tashi da sauri.

Muka shiga. Na saurara da dukkan jikina. Babu kurɓa. Karon farko ke nan da na kai tsakiyar rafin nan ban ji ta ba, har na fara cewa alhamdu. Sai wani abu ya ce ƙas a baya, ba da ƙarfi ba, kamar an karya ƙashin kaza. Inji na kuka, tayoyi ba sa juyawa. Na canza giya, na sake canzawa. Motar ta tsaya inda take.

Na goya Mama na fitar da ita gaɓa. Wasu manoma uku da ke dawowa daga gona suka taya ni, muka fara sauke buhuna a ka. Muna kan na tara na ga ruwan ya canza launi, ya yi ja, yana ɗauke da ganye da karare. Ruwan da aka yi a gabas ne ya iso. Daga cinya ya kai ƙugu, daga ƙugu ya kai ƙirji. A na goma sha ɗaya manoman suka ce su kam sun gama, suna da iyali.

Muka tsaya a gaɓa muna kallo. Ruwa ya hau katakon bodi. Gishiri ba ya tafiya da ƙara. Buhunan suna nan a jere yadda muka shirya su, sai dai suna ramewa a hankali, suna lanƙwashewa, har suka kwanta kamar rigunan da aka tuɓe. Mama ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba. Ta zauna a kan buhu ɗaya daga waɗanda suka tsira, ta kwance ɗankwalinta, ta sake ɗaurawa.

Igiyar da ta riƙe tiyon ta kwance. Daga inda nake ina hango bakinsa ya taso a gefen bodi, baƙar fatar da jan zarenta, tana nutsewa tana tasowa. Duk nutsewa sai 'yan kumfa su fito. Na san dalili, makanike ya yi mini bayani, kuma na yarda da bayaninsa har yau. Amma na tsaya ina ƙirga su, ina jan numfashina daidai da nasu, har ruwan ya rufe shi gaba ɗaya.

Kwana uku kafin rafin ya janye tarakta ta jawo motar. Yashi ya cika injin. Ba ta sake tashi ba. Na koma tuƙa motar wasu, da yamma kuma na shiga ajin manya na yaƙi da jahilci, inda na koyi rubutun da nake yi yanzu. Ranar da malamarmu ta rubuta kalmar ya da kalmar ta a allo, ta ce kowa ya kawo misali, na ɗaga hannu, sannan na sauke.

Abin da ya tafi: buhun gishiri ashirin da tara, na mata biyar, aikin rani guda. Man giya zubi huɗu. Sil huɗu da ba su yi laifin komai ba. Tukunyar aksil ɗaya da injin ɗaya, wato motar. Tiyo kamu biyu, ɗaya a wuta, ɗaya a ruwa. Da tsoho ɗaya, wanda ban tsaya na ji ƙarshen maganarsa ba.